Wa ke da yaron da ya karye a filin makaranta? Nazarin wani lamari a Zariya

Yaron ɗan shekara 15 ne, yana aji ɗaya na babbar sakandare a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke bayan ganuwar birnin Zariya. Ɗan baya ne a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantar. Wata ranar Alhamis cikin hunturu ya karye a ƙwauri ana tsakiyar wasa da wata makaranta, bai kuma haɗu da likitan ƙashi ba sai ranar Lahadi. Ƙafar ta tsira, ba a yanke ta ba. Sai dai yanzu in yana tafiya dole ya ɗaga gwiwa sama kafin ya ajiye tafin, saboda tsokar da ke ɗaga yatsu da gaban ƙafa ta mutu. Ƙwallo kam ya yi sallama da ita.

Na sakaya sunansa da na makarantar da na wuraren da aka kai shi, domin ba tonon silili ya sa ni rubutun ba. Ina cikin kwamitin iyaye da malamai na makarantar, kuma bayan ƙura ta lafa na bi mutanen da abin ya ratsa ta hannunsu: malamin wasanni, mahaifin yaron, mai ɗori, da wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwarsu. So nake in gane yadda aka yi kowannensu ya yanke shawarar da ya yanke, da abin da ke aljihunsa a lokacin, da abin da ya sani.

Da a wani lungun ƙauye abin ya faru, da sai a ce rashin asibiti ne a wuce wurin. Zariya kuwa ba ta da wannan uzurin. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika a kan hanyar Funtuwa, kuma daga Ƙofar Doka, ta Kwangila da Samaru, ba a yin awa guda a mota kafin a kai can. Ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na mishan a Wusasa, ga masu zaman kansu birjik a Tudun Wada da Sabon Gari. Jami'ar da aka kafa tun 1962 tana yaye likitoci, tana kuma horar da malaman motsa jiki da ilimin lafiya. Ko ta fuskar wasanni garin ba baƙo ba ne: a nan Masai Ujiri ya tashi ya fara ƙwallon kwando, kafin ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ɗauki kofin NBA a 2019. A garin da yake haka ne yaro ya kwana uku da karaya ba a ɗauki hoton ƙafarsa ba.

A filin

Filin jan ƙasa ne, ciyawa sai a gefe-gefe, kuma da hunturu ya kama ya bushe ƙamas. Da toka ake jan layi. Takalman yaran na gwanjo ne, wasu ma karɓa-karɓa suke yi, wanda aka canja ya cire ya miƙa wa mai shiga. Abin kare ƙwauri, wanda dokar ƙwallo ta wajabta tun 1990, ba kowa ke da shi ba. Yaron nan kwalin sabulu ya yanka ya ninka ya cusa cikin safa, don in alƙalin wasa ya taɓa ya ji tauri ya bar shi ya shiga. Alƙalin malami ne daga wata makaranta ta uku, ya san wannan dabarar sarai, yana kau da kai ne kawai saboda in ya tsananta ba zai haɗa yara 22 a fili ba.

An dawo daga hutun rabin lokaci ba da jimawa ba, shi da ɗan gaban abokan karawa suka kai wa ƙwallo ƙafa tare. Tasa ta kafe a ƙasa, ta ɗayan ta sauka a tsakiyar ƙwaurinsa. Na kusa sun ce sun ji ƙarar. Fata ba ta fashe ba, ko ɗigon jini babu, kuma wannan ne ya yaudari kowa.

Kafin malamin wasanni ya ratso taron, wani ya fasa fiya wata ya kwarara a ƙafar, wani babban ɗalibi kuma ya kama diddige yana ja, wai targaɗe ne, in an ja zai koma. Malamin ya hana. Ya buɗe akwatin agajin gaggawa na makarantar: auduga, bandeji ɗaya, almakashi, man zafi, da kwalbar aidin da ta bushe. Abin da ake bukata a wannan lokaci ba shi da tsada. A sa katako biyu a gefen ƙafar, daga saman gwiwa zuwa ƙasan idon sawu, a ɗaure sakwa-sakwa, a bar yatsu a waje ana gani, a ɗauki yaro a kwance. Karyayyun bencina suna nan jibge a bayan aji. Ba wanda ya taɓa nuna wa malamin haka. Shi malamin lissafi ne, an ɗora masa wasanni ne don shi ne matashi a cikin malamai kuma yana son ƙwallo.

Sai batun inda za a kai yaron, kuma a ganina a nan aka yi asarar da ta fi kowace. La'asar ta yi, an tashi makaranta tuntuni, shugaban makaranta ya tafi gida. Makarantar ba ta da mota. Babu wani littafi mai lambobin wayar iyayen 'yan wasa. Malamin ya faɗa mini lissafin da ya yi a tsaye a wurin, bai ɓoye komai ba. In ya nufi asibiti, shi za a tambaya kuɗin kati da na hoto, ga shi wata ya yi nisa. In likita ya ce sai an yi aiki, shi ba uba ba ne balle ya sa hannu. In kuma wani abu ya faru a can, dangin yaro za su ce wa ya aike shi. Gida kuwa ba wanda zai zarge shi don ya kai ɗa wurin iyayensa. Aka tsayar da ɗan acaɓa, aka ɗora yaron a tsakiya, wani ɗalibi ya hau baya ya rungume shi, ƙafar tana reto, aka bi lungunan unguwa har ƙofar gida.

Ban ga mugunta a wannan lissafi ba, ban kuma ga sakaci irin wanda ake korar ma'aikaci a kansa ba. Mutum ne aka danƙa wa yara da usur, ba a ba shi kuɗi ba, ba a ba shi izini ba, ba a koya masa komai ba.

A gida

Mahaifin yaron ɗinkin hannu yake yi, aikin wuyan babbar riga da aka san birnin Zazzau da shi. Mai wannan sana'a kuɗi ba kullum suke shigo masa ba; riga ɗaya kan ci makonni, sai an gama a biya. A zaure aka same shi da allura a hannu. Malamin ya ce, "Baba, ni a ganina a kai shi a ɗauki hoto tukuna." Uban ya ce, "Malam, mun gode, Allah ya saka da alheri. Za mu duba." Malamin ya gane an sallame shi cikin mutunci, ya tafi.

A cikin gida maganar kakar yaron ce ta yi rinjaye: asibiti yanke ƙafa suke yi, ga wane can, ga ɗan wance. Baffansa ya goyi bayanta. Uban bai musa ba, domin ko ba tsoron yanka ba, ya san abin da ke aljihunsa. Aka fara kiran mai kyamis ɗin bakin layi, ya yi wa yaron allurar kashe zafi ya bar musu ƙwayoyin tramadol. Bayan sallar isha'i mai ɗori ya iso.

Ya kamata a yi wa mai ɗori adalci, domin masu rubutu a kan irin wannan sun cika maida shi shi kaɗai ne mai laifi. Dattijo ne, gadon sana'ar ya yi, kuma a unguwar akwai mutane da yawa da ke tafiya garau a kan ƙafar da ya ɗora. Har gida yake zuwa, ko da tsakar dare. Ba ya cewa a kawo kuɗi kafin ya taɓa majinyaci. Ɗan abin da aka ba shi ya karɓa, sauran sai yaro ya taka. Yana magana da mutane da harshen da suke ganewa, yana tofa addu'a, yana dawowa dubiya. Babu asibitin da ke yi wa talaka waɗannan a haɗe. Kuma gaskiya ce karaya mai sauƙi, wadda ƙashin bai goce sosai ba, in an hana ta motsi takan haɗe da kanta.

Ya shafa, ya ja, ya daidaita, ya shafa mai da magani. Sannan ya kawo karan ɗori, siraran sanduna da aka saƙa da zare kamar ƙaramin asabari, ya naɗe ƙwaurin da su, ya bi da tsumma ya ɗaure tamau. Ya ce kada kowa ya kwance sai bayan kwana bakwai.

Matsalar tana cikin wannan ɗaurin. Tsokokin ƙwauri da sha-raɓa suna cikin jakunkuna huɗu na wani tantani mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa. In ƙashi ya karye, jini yana tsiyaya a ciki, nama ya kumbura, kuma kumburin ƙaruwa yake yi a kwana ɗaya zuwa biyun farko. In an matse ƙafar daga waje, kumburin ba shi da inda zai nufa, sai ya danne ƙananan hanyoyin jini. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da awa 6 zuwa 8. Daga nan take fara mutuwa, wadda ta mutu kuma ba ta dawowa. Alamar farko ita ce zafin da ya wuce misali, wanda magani ba ya kwantarwa, musamman in an lanƙwasa yatsun. Wannan matsala takan faru har a asibiti, a ƙarƙashin simintin da likitoci ke naɗe karaya da shi. Bambancin shi ne a can ana sa ido a kanta, in ta nuna kai a tsaga simintin nan take, in ta kama a shiga tiyata a buɗe jakunkunan.

Daren Alhamis yaron bai runtsa ba. Ranar Juma'a yana ta ihu, aka ce ai karaya ce, dole ta yi zafi, a yi haƙuri. Aka ƙara masa tramadol, ya yi ta barci yana farkawa. Malamin ya zo dubiya bayan an sauko masallaci, ya ga yatsun sun kumbura sun yi sheƙi, ya yi magana, aka ce mai ɗori ya hana a kwance. Shugaban makaranta ya aiko da gaisuwa da ɗan abin da ya sawwaƙa daga aljihunsa.

Ranar Asabar zafin ya ragu. Mutanen gida suka yi hamdala, kakar ta ce ɗori ya kama. Ashe jijiyar da ke kai saƙon zafin ce ta fara mutuwa. Duk wanda ke jinyar mai karaya ya riƙe wannan: zafi mai tsanani da ya ɗauke farat ɗaya, ƙafa kuma ta yi sanyi ko ta dindiris, ba sauƙi ba ne.

Da daren Asabar ɗin ne ma'aikaciyar jinyar ta shigo dubiya, ta dawo daga aiki ko kayan ba ta cire ba. Ta danna farcen babban yatsa ta saki, jinin bai dawo da wuri ba. Ta ciro fil daga ɗankwalinta ta soki fatar da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, yaron bai ji komai ba. Ta ce ya ɗaga yatsunsa, ya kasa. Ta dubi uwar ta ce, "Yaya, ki kira maigidan yanzu. Ɗaurin nan in ya ƙara kwana, ƙafar ba tamu ba ce." An yi cacar baki da kakar, amma uban da ya shigo ya ga idon ma'aikaciyar jinyar, ya ce ta kwance. Da ta yanke tsumman sai ga fatar ta yi bororo layi-layi daidai inda kowane kara ya kwanta.

Ta so a tafi a daren. Ba a tafi ba sai da gari ya waye, domin sai da aka haɗa kuɗi: baffa ya kawo nasa, uwar ta roƙi uwar adashi ta ba ta kwasar da ba tata ba, uban ya taɓa kafin alƙalamin da wani mai riga ya ba shi na zare.

Asibiti, da abin da ya ci

Wani ƙaramin asibiti suka fara zuwa, aka ɗauki hoto, aka ga ƙashin ƙwauri ya karye a tsakiya, aka ce wannan ya fi ƙarfinsu, aka ba su takarda zuwa babban asibiti. A can aka shiga da shi tiyata. An buɗe ƙwaurin, an cire naman da ya mutu a jakar gaba, an kafa ƙarafa daga waje su riƙe ƙashin, aka bar ciwon a buɗe ana wankewa. Daga baya aka sake shiga da shi aka yanko fata daga cinya aka rufe wurin. Ya yi makonni a gado, zangon karatu ya wuce shi da jarrabawarsa. Baffa da malamin wasanni su suka ba da jini.

Likitan ya faɗa wa uban cewa irin wannan karaya, a yaro mai waɗannan shekaru, da an kawo ta ranar Alhamis, mai yiwuwa hoto da siminti da kwana ɗaya ko biyu na sa ido sun wadatar, a yi wata uku ko huɗu ya taka. Abin da aka kashe a ƙarshe ya ninka kuɗin wancan sau da yawa, kuma har yanzu uban yana biyan bashi. Gashin ƙashi da aka rubuta wa yaron bayan sallama, 'yan zuwa kaɗan ya yi ya daina, saboda kuɗin keke napep zuwa da dawowa na mutum biyu.

Kakar kuwa ba ta canja ra'ayi ba. Cewa take yi ai ga shi nan, da aka kai shi asibiti sai da suka yanka shi. Haka wannan tsoro yake ciyar da kansa a garuruwanmu. Ana jin tsoron yanka, sai a ƙi zuwa da wuri. A zo a makare lokacin da ba abin da ya rage sai wuƙa. A koma unguwa da labarin an yanka.

Wa ya kamata ya biya kuɗin farko?

A takarda, yaron nan ba maraya ba ne. Manufar kula da lafiya a makarantu ta ƙasa, ta 2006, ta tanadi duba lafiyar ɗalibi kafin ya shiga makaranta, da ɗakin jinya ko agajin gaggawa, da hanyar tura mara lafiya asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Wannan dokar ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowa. Jihar Kaduna tana da nata tsarin taimakekeniyar lafiya a ƙarƙashin hukumar KADCHMA, wanda mai sana'ar hannu ma zai iya shiga ya riƙa biya shekara-shekara.

Malamin wasanni bai taɓa jin sashe na 20 ba. Ko da ya ji, ya san karɓar majinyaci daban, sayen kayan aiki daban. Takardar magani da ta hoto hannunka za a miƙa wa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun masu jinya yake fitowa, kuma kowa ya san haka a jikinsa ko bai san adadin ba.

In aka bi tsare-tsaren ɗaya bayan ɗaya sai a ga inda ɗan sakandare ya faɗa. Tallafin masu rauni ya fi karkata ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu juna biyu, da tsofaffi, da masu naƙasa. Ɗan ma'aikacin gwamnati yana shiga inshorar ubansa, wadda ke ɗaukar mata ko miji da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ɗalibin jami'a ko kwaleji yana da tsarin inshorar ɗalibai, TISHIP, da ake biya tare da kuɗin rajista, kuma in ya karye a filin jami'a da ke Samaru akwai asibitin jami'a a cikin harabar. Ɗan mai ɗinkin hannu da ke makarantar jeka-ka-dawo ya wuce shekara 5, bai kai jami'a ba, ubansa ba ya karɓar albashi. Ga shi kuma shekarunsa su ne na gudu da tsalle da karo. Cibiyoyin lafiya na mazaɓu, waɗanda jihar ta gyara 255 daga cikinsu, an gina su ne don awo da haihuwa da rigakafi da zazzaɓi. Galibinsu ba su da na'urar hoto.

A taron kwamiti an yi ta jan magana a kan alhaki. Ɓangaren makaranta suka ce an miƙa yaro hannun iyayensa da ransa da ƙafarsa, abin da aka yi bayan nan shawarar gida ce. Uban, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce rigar makaranta ce a jikin ɗansa lokacin da ya karye, kuma da an ci kofi a ofishin shugaban makaranta za a ajiye shi. Ni a nan ina tare da uban. Makarantar da ta fitar da yaro ya buga mata wasa, ita ke da alhakin kai shi inda za a ɗauki hoto a ranar, da kuɗinta. Abin da zai biyo baya ana iya tattaunawa da iyaye, amma sai an ga hoton tukuna. Uban da aka kira aka ce ɗanka yana asibiti, an ɗauki hoto, ga abin da likita ya ce, ba zai yi shawara irin ta wanda aka sauke wa yaro a zaure da magariba ba.

Karaya ma da sauƙi in aka kwatanta da ciwon zuciya, wanda ba ya jira. A duk 'yan wasan makarantar babu wanda aka taɓa sa wa abin sauraron ƙirji ko aka tambaya ko yana suma in ya yi gudu, ko wani a gidansu ya taɓa mutuwar fuju'a da ƙuruciya. Da yawansu ba su san rukunin jininsu na sikila ba, alhali kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da ƙwayar halittar, kuma mai ita yana bukatar ruwa da hutu in ana atisaye mai tsanani cikin zafi. Samuel Okwaraji a fili ya faɗi ya rasu a Legas a 1989 ana wasa da Angola. Nwankwo Kanu ciwon zuciyarsa a gwajin da Inter Milan ta yi masa aka gano a 1996, bayan ya ɗauko zinare a gasar Olympics ta Atlanta. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a Maris 2020, rahotannin lokacin suka ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Waɗannan manyan 'yan wasa ke nan, masu likitocin ƙungiya.

Wani abin da ban zata ba shi ne inda tsautsayin ya fi yin ɓarna. Yaran maza ba su fasa ƙwallo ba. In an hana su a makaranta suna yi a layi, inda ko malamin lissafi babu. 'Yan mata ne aka janye. Iyaye da dama da dama can da ƙyar suka bar 'ya'yansu mata shiga gudu, sai suka ce wa zai auri gurguwa, aka rasa ko tawagar gudun miƙa sanda a zangon da ya biyo.

Mai ɗori da na zauna da shi bai yarda ɗaurinsa ne ya jawo ba. Ya ce allurar kyamis ce ta ɓata aikin. A kan allurar ban yarda da shi ba, amma ya faɗi wata magana mai kama hankali: da an aiko an gaya masa yaron yana ihu haka ranar Juma'a, da ya zo ya sassauta, ƙwayar da aka yi ta ɗura masa ce ta rufe bakin ciwon. Ya kuma ce shi ba ya ƙin hoto, wasu ma da hotonsu suke zuwar masa, aikin ya fi yi masa sauƙi. Ma'aikaciyar jinyar ta nuna masa gwajin farce da na fil, ya kalla da kyau, bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kiran a horar da masu ɗori a kan sanin karayar da ba tasu ba, kuma zaman da na yi da dattijon nan ya nuna mini ƙofar ba a kulle take ba.

A makarantar an sami 'yan canje-canje. Malamin wasanni yana da littafi mai sunan kowane ɗan wasa da lambar waya biyu. An feƙe katako huɗu daga tsoffin bencina an naɗe su da tsumma suna cikin akwati. Ma'aikaciyar jinyar ta ba da wata Asabar ta koya wa malamai uku da manyan ɗalibai yadda ake tallafe karaya da ɗaukar wanda ya ji rauni. An yi magana da wani mai keke napep na unguwar ya riƙa tsayawa a bakin fili ranar wasa, tsoffin ɗalibai suka ɗauki nauyin mansa.

Asusun kuɗin farko ne ya cije. Shugaban makaranta yana tsoron a ce ya ɗora wa iyaye haraji a makarantar gwamnati, don haka ya ƙi kuɗin su bi ta hannunsa, tsoffin ɗalibai kuma ba su daidaita a kan wanda zai riƙe su ba. Takardar izinin da aka rubuta don iyaye su sa hannu, wadda za ta ba malami damar wucewa da yaro asibiti kai tsaye, da yawa sun ƙi sa mata hannu, suna ganin makaranta ce ke neman wanke hannunta. Mahaifin yaron ne ya ce a ƙara layi ɗaya a ƙasa, a rubuta ƙarara cewa kuɗin kati da na hoto na ranar farko a kan makaranta suke. An ƙara layin, an tura takardar ofishin da ke sama da makarantar don amincewa, ana jiran amsa. Gasar makarantu kuma bayan hutun zango za a fara.